Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, 1865–1944

A cikin wannan wata muna so mu kawo muku labarin wani sarki wanda ya rasu tun 1944, amma har yanzu ba a daina gardama a kansa ba. Shi ne Alhaji Muhammadu Dikko, Sarkin Katsina. Ku 'yan'uwa da ke zaune a Gozaki, da Kafur, da Malumfashi, da Funtuwa, kakanninku talakawansa ne, a zamaninsa suka biya haraji, suka yi aikin hanya. Waɗansu in an ambaci sunansa sai yabo, su ce shi ya buɗe wa ƙasar Katsina ido. Waɗansu kuwa sai su kaɗa kai, su ce ai mutumin Turawa ne, ya hau gadon da ba na gidansu ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu dai za mu bi labarin daki-daki, mu ga abin da ya faɗo hannun mutumin nan, da abin da ya yi da shi, da abin da ya bari bai yi ba. Gama a cikin wannan akwai abin koyo domin kowane maigida da kowace uwar 'ya'ya.

Asalinsa

An haifi Dikko cikin 1865. Ubansa Giɗaɗo shi ne Durɓin Katsina, daga cikin Filanin Sulluɓawa. A lokacin nan sarautar birni tana hannun Dallazawa, watau zuriyar Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ci Katsina wajen 1807. Sarakunan Haɓe da aka kora suka koma arewa, suka kafa Maraɗi. Daga can suka riƙa kawo hari cikin ƙasar Katsina shekara da shekaru, suna kama mutane, suna kora dabbobi, har manomi ba ya iya yin nisa da ganuwar garinsu ba tare da tsoro ba.

Cikin wannan zamani na doki da mashi Dikko ya yi girma. Ya yi karatun allo kamar sauran 'ya'yan manya, ya koyi hawa da yaƙi. Aka naɗa shi Durɓi yana saurayi, bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Ƙasar Durɓi tana wajen Mani, kusa da bakin iyaka, saboda haka tun da wuri ya saba da tara mutane, da tanadin abinci, da cika aiki a kan kari. Durɓi babban hakimi ne, yana cikin masu zaɓen sarki, amma bisa ga al'ada shi kansa ba ya gadon sarautar birni.

Zuwan Turawa

Cikin watan Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, cikin Maris suka ci Sakkwato. Sa'an nan Gwamna Lugga ya nufo Katsina, ya shiga ta Ƙofar 'Yanɗaka. Sarki Abubakar bai yi yaƙi ba, ya karɓe su. Turawa suka bar sojoji a bakin birni. Sojojin nan kuwa suna bukatar hatsi, da ciyawar dawakai, da itace, da ma'aikata masu ginin bariki. Aiki ne wanda ba kowane basarake ke so ba, sai ya faɗo a kan Durɓi. Ya yi shi sosai, abin da aka ce a kawo ran kaza, ran nan ya ke isowa. Ta haka Turawa suka san shi.

Ba a cika shekara biyu ba sai aka tuɓe Sarki Abubakar. An zarge shi da hannu a cikin ɓata ruwan rijiyar da sojoji ke sha, har yau kuwa akwai masu cewa makircin abokan gabansa ne. Aka kai shi kudu, nesa da ƙasarsa, aka naɗa Yero daga cikin gidan nan na Dallazawa. Shi ma bai daɗe ba. Cikin Fabrairu 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka tayar, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Tsoro ya kama Turawa ko'ina cikin Arewa, suka shiga duban wanda ke tare da su da wanda ba ya tare da su. Suka ga Yero bai ba su goyon baya yadda su ke so ba. Baturen da ke Katsina a lokacin, Mista Palmer, wanda daga baya ya zama Gwamnan Arewa, ya tsaya a kan a ba Durɓi sarauta. Kafin ƙarshen 1906 aka tuɓe Yero, aka ba Dikko riƙo, cikin Janairu 1907 aka tabbatar masa.

Ku lura da wannan, masu karatu. Cikin shekara uku sarakuna biyu sun faɗi, kowannensu kuwa zargi ne ya kā da shi. Sarki ba ya jin Turanci, Bature bai ƙware da Hausa ba, magana tana bi ta bakin tafinta da masinja. Wanda ya riga isa kunnen Bature, maganarsa ita ce gaskiya. Inda ba a rubuta abu ba, ba wanda zai iya komawa ya duba, laifi kan sauka a kan mai maƙiya da yawa, ko shi ya yi ko ba shi ba. Dikko ya ga wannan da idonsa, muna kuwa tsammani bai manta da shi ba dukan kwanakinsa.

Laifin da a ke ba shi

Yanzu bari mu auna zargin da a ke yi masa. Ba Dikko ya kira Turawa ba. Da shi da babu shi, da sun mallaki ƙasar, gama bindigarsu ta fi ƙarfin kowane sarki. Wannan ba kayansa ba ne. Amma ya karɓi sarauta yana sane ba ta gidansu ba ce, gidan da ya yi shekara ɗari yana mulki ya koma gefe. Ya kuma naɗa 'ya'yansa da danginsa a kan gundumomi da dama domin ya ƙarfafa gidansa. Haraji da aikin tilas na zamanin Turawa ta hannunsa suka bi kafin su isa kan talaka. Wannan duka kayansa ne, ba wanda zai sauke masa.

Waɗansu manya sun zaɓi wata hanya dabam. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Turawa, ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi cikin Yuli 1903. Ba mu raina irin wannan zuciya ba. Waɗansu kuma suka zauna a kan sarautarsu suna gunaguni a ɓoye, ba su yi yaƙi ba, ba su kuwa yi aiki ba, kome ya lalace sai su ce zamani ne. Dikko ya zauna, ya kama aiki. Tun da ya ke haka ya zaɓa, daidai ne a auna shi bisa ga aikin da ya yi cikin shekara talatin da bakwai da ya yi a kan gado.

Baitulmali

Abu na fari shi ne sha'anin kuɗi. A dā hakimai a birni su ke zaune, suna aiken jakadu zuwa ƙasashensu su tattaro haraji. Kuɗin ƙasa da jangali su bi ta hannun mai unguwa, da dagaci, da jakada, da hakimi, kowa ya gutsuri nasa kafin saura ya kai ga sarki. Talaka bai san iyakar abin da a ke binsa ba, sarki kuma bai san iyakar abin da aka karɓa da sunansa ba. In abu ya ɓace, kowa ya nuna na ƙasa da shi.

Cikin shekarun farko na sarautar Dikko, shi da Palmer suka kafa baitulmali a Katsina, shi ne na fari irinsa a Arewa, daga baya sauran ƙasashe suka kwaikwaya. Aka tura hakimai su zauna cikin gundumominsu, aka kau da jakadu. Aka ƙidaya masu biyan haraji, aka rubuta. Abin da aka tara a kasa shi, kashi guda na Gwamnati, kashi guda ya shiga baitulmali. Daga ciki a ke biyan sarki albashi, da hakimai, da alƙalai, da dogarai, daga ciki kuma a ke gina kasuwa da asibiti da makaranta. Ma'aji yana riƙe da littafi, kowane sule da ya shiga ko ya fita sai an rubuta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga sarki, gama ya yarda ke nan a sa wa hannunsa iyaka cikin dukiyar da sarakunan dā ke ɗiba yadda suka ga dama. Ba mu ce sata ta ƙare ba, ko zalunci. Amma daga ran nan, in kuɗi ya ɓace akwai littafin da za a buɗe, akwai kuma sunan mutum a gefen lissafin. Sai dai littafi ba ya rubuta kansa. Ana bukatar malamai masu iya rubutu da lissafi a kowace gunduma, da malaman asibiti, da na gona, da na daji. Ta nan sarki ya gane ba yadda za a yi mulki na gaskiya sai da makaranta.

Tafiye-tafiyensa

Cikin 1921 Dikko ya bar gadonsa ya tafi aikin hajji. Ya shiga jirgin ruwa a Ikko, ya bi ta Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, sa'an nan ya wuce Makka. Tsakanin 1921 da 1939 sau biyar ya je Ingila, ya kuma sake zuwa hajji cikin 1933. Shi kansa bai taɓa zama a ajin boko ba, ya riga ya tsufa kafin makaranta ta zo. Amma ya ga ƙasar da kusan kowane yaro, mace da namiji, ɗan mai kuɗi da ɗan lebura, ke zuwa makaranta bisa ga doka. Mutum da yawa in ya ga abin da ya fi nasa sai ya ce ai su Allah ya ba su. Dikko ya komo yana neman yadda za a yi a gida.

Kwalejin Katsina

Katsina tsohon garin ilmi ne. Hasumiyar Gobarau tana tsaye har yau, sunan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani kuwa sananne ne ga kowane Bakatsine. Sa'ad da Gwamnati ta yi niyyar kafa makarantar horon malamai domin dukan Arewa, sunan nan na dā da goyon bayan sarki suka sa aka zaɓi Katsina. Aka fara karatu cikin 1921, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta cikin Maris 1922. Ginin ƙasa ne irin na gida, yana nan har yanzu, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi.

Daga kowane lardi aka riƙa aiko da samari. Suna koyon Turanci, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da Larabci, da hanyar koyarwa. Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki, ya koyar a can, shi ne kuma daga baya ya rubuta tarihin Sarki Dikko. Ahmadu Bello ya shiga cikin 1926, ya fita cikin 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga cikin 1928, ya fita cikin 1933. Abubakar Imam ma a can ya yi karatu, ya koyar a Midil ta Katsina, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939. Cikin 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, cikin 1949 kuma aka kai ta Zariya, ita ce a ke kira Kwalejin Barewa.

Ga wani abin lura. Makarantar nan an kafa ta domin ta ba sarakuna da Turawa ma'aikata masu biyayya. Amma ilmi ba ya tsayawa inda mai shi ya ɗaure shi. Cikin 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e, domin talaka ya sami bakin magana. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a kwalejin bayan ta koma Kaduna, ya ba da ransa ga koya wa talakawa su san abin da doka ta ce, su ƙi biyan abin da ba a bin su. Itacen da sarki ya taimaka aka dasa, 'ya'yansa ne suka fara tuhumar gidan sarauta. Haka ilmi ya ke. Yana koya wa mutum ya tambayi na sama da shi, yana kuma hana shi kansa wurin ɓuya.

Makarantar 'yan mata

A ganinmu aikin da ya fi nuna zuciyar Dikko shi ne na 'yan mata. A zamanin nan ko makarantar maza mutane suna gudunta, balle a ce mace ta fita koyon boko. Wajen 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina, tana cikin na fari a ƙasashen sarakunan Arewa. Sarki bai tsaya ga ba da umurni ba. A cikin gidansa aka fara ta, da 'ya'yan gidan sarauta da na fadawansa. Turawa mata suka koya musu karatu da rubutu, da ɗinki, da tsabta, da renon jariri.

Dubi hikimar wannan. Da ya aika a kamo 'ya'yan talakawa ya bar nasa a kulle, da kowa ya ce abin ba alheri ba ne, shi ya sa sarki ya tsare gidansa. Amma da ya fara da nasa, bakin masu zargi ya mutu. Haka ya yi da 'ya'yansa maza. Ɗansa Usman Nagogo ya shiga makarantar lardi ta Katsina, ya shugabanci 'yan doka, ya zama Magajin Gari, kafin ya gaji ubansa. Mai son jama'a su sha magani, shi ya kan fara kurɓa.

Haka kuma cikin 1937, sa'ad da aka ba likitocin Mishan riƙon zangon kutare na Babbar Ruga kusa da birni, a ƙasarsa ne da yardarsa. Shi Musulmi ne mai riƙon addininsa, ya san kuwa za a yi magana. Amma ya ga mutanensa marasa lafiya waɗanda ba mai kula da su, ya ga masu iya aikin, ya bari a yi. Da yawa da suka je neman magani a can sun komo da iya karatu.

Kudancin ƙasar

Yanzu sai mu juyo gida. Gozaki tsohon gari ne, shi da Maska suna cikin tsofaffin garuruwan kudancin Katsina. Ƙasar nan ta fi arewa ruwa, tana ba da dawa da auduga, tun dā kuwa an san ta da saƙa da rini. A zamanin Dikko Turawa suka kawo sabon irin auduga, aka kafa injin gurza a Funtuwa, kafin 1930 kuma hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda. Manoman ƙasar Maska da ƙasar Galadima suka riƙa ɗaukar auduga a kan jakuna zuwa kasuwa, su sayar, su biya haraji. Gumin nan nasu yana cikin kuɗin da ya cika baitulmali.

Amma kwaleji tana birni, Midil tana birni, makarantar 'yan mata tana birni, tafiyar kwanaki a ƙasa. Makarantun elementare kaɗan ne, yawancinsu a garin hakimi. Ɗan manomi na ƙauye, balle ɗan Bamaguje, da wuya ya ga cikin aji. Sai ga manomi tsaye gaban sikeli, malamin awo ya faɗi nauyi, shi kuwa ba ya iya karanta lambar. A ba shi takardar haraji ya soke ta cikin jinka, bai san abin da aka rubuta a kai ba. Littafin da ya tsare kuɗin baitulmali bai tsare aljihun wanda ba ya iya karanta shi ba.

To, laifin wa? In muka yi gaskiya, sai mu kasa shi uku.

Turawa suna da nasu. Ba su so ilmi ya yaɗu da sauri a Arewa, gama sun ga yadda masu ilmi na Ikko ke damunsu da tambaya. Kuɗin da suka sa cikin makarantu kaɗan ne. Saboda alkawarin da Lugga ya yi cewa ba za a taɓa addini ba, suka daɗe suna hana Mishan buɗe makarantu a ƙasashen sarakuna, su kuwa ba su gina isassu a madadinsu ba.

Sarki da hakimansa suna da nasu. Sun fi kula da ilmin da zai ba su malaman ofis da magada, ba su matsa a kai shi ƙauye ba. Mutumin da ya iya buɗe makarantar mata cikin gidansa, da ya sa ƙarfinsa haka a kan ƙauyukan kudu, da an ga bambanci.

Iyaye kuma suna da nasu. Sa'ad da aka ce kowane gari ya ba da yara, da yawa suka ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu ko a gona, waɗansu suka ba dagaci toshi domin a tsallake gidansu. Waɗansu manya suka aika da 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Bayan shekara ashirin sai ga ɗan bara ya zama malamin hakimi ko akawu, ɗan maigida yana tsugune a gabansa yana roƙo a karanta masa takarda. Tsoronsu yana da dalili, gama suna ganin yaro zai bar addinin gidansu, ya raina fartanya. Duk da haka su suka yanke shawara, 'ya'yansu suka biya.

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana iya nuna sauran biyu, maganarsa kuwa ta zama gaskiya. Amma nunin bai koya wa yaro ko ɗaya baƙi da wasali ba.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Dikko ya rasu cikin Fabrairu 1944, yana da shekara wajen saba'in da tara. Usman Nagogo ya gaje shi, ya yi sarauta har 1981. Sa'an nan jikansa Muhammadu Kabir Usman ya riƙe har 2008, aka naɗa Abdulmumini Kabir Usman.

Abin da ya rage bai yi ba, waɗansu 'yan ƙasarsa suka ɗauka. Cikin shekarun 1950 Gwamnatin Arewa ta tashi Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin shugabanninsa. Aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, magidanta suka zauna gindin itace da yamma suna koyon a, ba, ca. Alhaji Isa Kaita, wanda shi ma ɗan Kwalejin Katsina ne, ya riƙe ma'aikatar ilmi ta Arewa har 1966. Cikin 1976 Gwamnatin Nijeriya ta buɗe ilmin firamare kyauta domin kowane yaro. Ƙofar da kakanninmu suka tarar a rufe, ko suka rufe da hannunsu, ta buɗe.

Abin da za mu koya

Wahalar zamaninmu dabam ce. Cikin Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, nan kusa da mu, ko da ya ke an sako su bayan 'yan kwanaki. Iyaye da yawa suka ji tsoro, ba kuwa wanda zai ga laifinsu. In aka zauna a dandali sai ka ji ana rabon laifi, wannan ya ce Gwamnati, wancan ya ce sarakuna, wani ya ce Turawa ne tun asali, wani ya ce malaman makaranta ba su zuwa aiki. Da yawa cikin maganganun nan gaskiya ne. Daidai ne a faɗe su, a kuma faɗa wa masu mulki a gabansu, gama tsaron rai da gina makaranta nauyinsu ne. Mai ilmi ne ma ya fi iya wannan, shi ya san ofishin da za a je, da takardar da za a rubuta.

Amma bayan an gama rabon, akwai kason da ya rage a tsakar gidan kowa. Dikko bai zaɓi zamanin da aka haife shi ba, bai kuwa iya korar Turawa ba. Abin da ke hannunsa shi ne littafin baitulmali, da ƙofar gidansa, da 'ya'yansa mata. Inda ya kama waɗannan, amfaninsu yana nan har yau. Inda ya sake, kamar ƙauyukanmu na kudu, ramin yana nan shi ma. Da ma'aunin nan za a auna mu.

Saboda haka, maigida, ka ƙidaya yaran gidanka, ka ga ko akwai wanda ya isa shiga aji bai shiga ba. In lokacin cirar auduga ya yi ko girbin masara, kada ka fitar da yaro daga makaranta wata guda, sa'an nan ka zagi malami ran da ya faɗi jarrabawa. Uwargida, 'yarki tana da kai kamar ɗanki, kada tallan goro da gyaɗa ya cinye mata shekarun karatu, kada kuma a yi gaggawar aurar da ita. Malami, in an biya ka ko an yi jinkiri, yaran da ke gabanka ba su suka riƙe albashinka ba. Kai kuma da ke karanta wannan takarda, akwai maƙwabcinka wanda ba ya iya karanta ta. Ka zauna da shi da yamma, sau biyu ko uku a mako, daga kaka zuwa bazara. Kafin a yi shuka zai iya karanta lambar sikeli, da takardar asibiti, da sunansa. Dattawan ikilisiya su duba ko ajin karatu na manya yana nan da rai a wurinsu, in ya mutu a tashe shi, a kuma buɗe shi ga kowa cikin gari, ba tare da tambayar addininsa ba.

Jikokinmu za su ba da labarinmu kamar yadda muka ba da na Sarki Dikko, su kasa laifi, su ba kowa nasa. Bari su tarar mun ɗauki kayanmu.